Maguna 31, kangon aro, wa'adin wata uku

Assalamu alaikum, Anti. Ni malamar firamare ce a cikin garin Bauchi, ina da aure da 'ya'ya uku. Shekara huɗu da suka wuce, da damina, na tsinci wata 'yar mage a cikin kwalbati, idonta ɗaya ya tsiyaye. Na kai ta gida na yi jinyarta har ta tashi. Tun daga nan abin ya shiga raina. Yau maguna 31 ne a hannuna, 14 mata, a wani kango da ke jikin gidanmu wanda mai shi ya ba ni aro. Mutane sun gane ni, sai a ɗauro jarirai a buhu a ajiye mini a ƙofa da asuba. A bara guda bakwai kawai na samu waɗanda suka karɓa. Yanzu mai kango ya ce nan da wata uku zai ci gaba da gininsa. Maigidana ya ce ya gaji. Maƙwabta suna kukan wari, har an fara raɗe-raɗin wai ba banza nake tara maguna ba. Kusan rabin albashina a kansu yake ƙarewa, ga mai kifi yana bina bashi. Na roƙi taimako a Facebook, aka ce mutane na kwana da yunwa ni ina ciyar da mage. Anti, in na rufe wurin nan ina za su? Ta ina zan samu kuɗin kama wani wuri?

'Yar'uwarki daga Bauchi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki tarar da abin da kika kashe a mizani. Sau biyu na karanta wasiƙarki, na biyun da biro a hannu, don na ga lissafi ya kamata mu fara yi kafin jaje.

Kin ce mata 14 ne. Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, wata biyu da 'yan kwanaki ke nan. Takan haihu sau biyu a shekara, wata har sau uku, kowace haihuwa 'ya'ya uku zuwa biyar. 'Yar da aka haifa kuma, tun tana wata biyar ko shida za ta iya ɗaukar nata cikin. Mu ɗauki haihuwa biyu, huɗu-huɗu: jarirai 112 ke nan a shekara ɗaya daga cikin kangonki kaɗai, ba mu sa na buhu ba. Waɗanda suka fita kuwa bakwai. Za ki ce ai ba su taɓa kai haka ba. Na yarda, kuma na san dalili, ke ma kin sani: mutuwa suke yi. Ba ki rubuta mini guda nawa kika binne ba, amma duk wanda ya taɓa tara maguna a wuri ɗaya ya san safiyar da ake shiga a tarar da jarirai uku sun sandare a cikin kwali, uwar tana lasar su.

Saboda haka ko yau wani mai hali ya ba ki gida mai ɗaki goma a GRA kyauta, shekara biyu ya cika, ki sake aiko mini da wannan wasiƙar. Ba zan taya ki neman kuɗin kama babban wuri ba. Abin da zan taya ki shi ne yadda aikin zai rayu bayan an karɓe kangon, kuma ba zai rayu ba sai ya ƙanƙance.

Na san kin san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda mage, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. Masu son maguna suna yawan karanta wa masu jifansu shi. Ki sake duba laifin matar: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a ƙasa ba. Ba ina kwatanta ki da ita ba ne, Allah ya kiyaye, niyyarku ba ɗaya ba ce. Amma hadisin ya ɗora nauyi ne a kan wanda ya tsare. Duk magen da kika rufe wa ƙofa, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyanki. Ranar da mai kifi ya ce ba ƙari sai an biya, yunwar maguna 31 ke za a tambaya. Mai tausayi ma yana iya zaluntar dabba idan ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Daga yau ki daina karɓa. Ko ɗaya. Ki samu mai unguwa ki gaya masa da bakinki, ki roƙe shi ya sanar, ki kuma rubuta a ƙofa. Wanda ya zo da jarirai ki tambaye shi ina uwarsu, ya mayar mata. Ɗan magen da bai kai sati takwas ba nonon uwarsa yake buƙata, madarar shanu ko ta gwangwani gudawa take sa shi, yawancin na buhun nan da ma an yanke musu hukunci tun ranar da aka raba su da uwa. Ki ce masa ya riƙe su a gidansa har su yi wayo, ke za ki taya shi cigiyar mai so. Zai yi miki kallon marar imani. Ki daure.

Sai fiɗiya. Na san kalmar tana yi wa wasu nauyi, alhali a garin nan kullum ana fiɗiye bunsuru ya zama taure, a dandaƙe sa ya zama na noma, ba wanda ya ce uffan. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye dabbar da ba a cin namanta, wasu sun karhanta, wasu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da ita ba. Ki kai wa malaminku tambayar da lissafin nan na 112 a hannu, kar ki kai masa ita tsirara. A wurin likitan dabbobi aikin muzuru ɗan ƙarami ne, da allurar barci, 'yan mintuna an gama. Na mace tiyata ce ta cire mahaifa, ta fi tsada, tana son jinyar kamar kwana goma. Tunda aljihu ba nauyi, abin da za ki yi gobe-goben nan ba ya cin ko sisi: ki raba maza da mata, ɗaki daban, ƙofa a rufe. Sannan a bi su da aiki ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ya samu. Akwai riba ta biyu a nan. Warin nan mai hawa kai da maƙwabta ke kuka da shi, mafi yawansa fitsarin muzurai ne da suke fesawa a bango don shata iyaka, haka ma kukan dare da faɗa. Bayan fiɗiya duk suna raguwa ƙwarai.

Ki je asibitin dabbobi na gwamnati da kanki, ki nemi ganin likita, ki gaya masa adadinsu ki nemi rangwamen yawa. Ki tambaya ko akwai likitocin dabbobi masu yi wa ƙasa hidima da aka turo jihar, domin suna neman aikin al'umma da za su nuna sun yi, ga shi kuwa a kangonki. Ɗaliban kiwon lafiyar dabbobi na Kwalejin Aikin Gona da ke Yelwa za su iya taya ki wanki da ba da maganin tsutsa, amma wuƙa kam sai likita mai lasisi. Kar kuma wani ya ruɗe ki da allurar tazarar haihuwa ta mata wai ta fi araha. Tana jawo wa mage ruɓar mahaifa da ƙari a nono.

Yanzu ƙofar fita, wadda ita ce ainihin aikinki kika bar ta ta yi tsatsa. Kin je Facebook kina neman masu tausayi, su kuwa 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu hoton zuciya kawai za su danna su wuce. Masu buƙata ya kamata ki nema. A Bauchi kike. Shekarun nan duk lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta fitar da alƙaluman zazzaɓin Lassa, jiharku tana cikin na gaba-gaba tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma da rani abin ya fi tsanani. Ɓera ne ke ɗauke da cutar, yana barin ta a fitsari da kashi a kan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin hanyoyin kariya da ta lissafa, bayan rufe hatsi a mazubi mai murfi da nisanta shara da tsaftar gida, ta ambaci ajiye mage. Ban ce mage rigakafin Lassa ba ce, kar ki je ki faɗa wa mutane haka. Ba ta maye gurbin murfi da tsintsiya, kuma ɓeran da ta kashe ba a ɗauka da hannu. Amma mai sito a kasuwar Muda Lawal da ɓera ke huda wa buhunan masara, da mai shagon kayan masarufi a kasuwar Wunti, da mai injin niƙa, da mai gidan burodi, da mai rumbu a ƙauyen da kike da dangi, duk suna da matsalar da ke kike da maganinta guda 31. Kakanninmu ba don ado suka ajiye kyanwa ba. Ki daina zuwa wa mutane a matsayin mai bara. Ki ce: ina da mage lafiyayya, an yi mata allura, ba za ta cika maka sito da 'ya'ya ba, kana so?

Allurar da nake nufi ta haukan kare ce, domin mage ma tana kamuwa tana kuma sa wa mutum. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, nan kusa da ku a Filato, tana yin rigakafin. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, a lokacin akan samu wuraren da ake yin allurar kyauta, ki sa kunne. In mage ta ciji wani cikin yaranki ko ta yakushe shi har jini, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a wuce asibiti, ba a jira a gani.

Bayar da mage kuma yana da ƙa'ida, rashin saninta ne ya sa ake cewa an kai ta ta gudo. Mage wuri take riƙewa. Wanda ya karɓa ya rufe ta a ɗaki ɗaya ko cikin siton na sati biyu zuwa uku, da ruwa da abinci da kwanon yashi, ki haɗa masa da tsumman da take kwana a kai. Sai ta saba da ƙanshin wurin sannan a buɗe. Ki kafa masa sharaɗi biyu. Zai riƙa ba ta abinci, domin maganar a bar ta da yunwa don ta fi kamu ƙarya ce, ƙosasshiya ma tana farauta, mayunwaciya kuwa gidan maƙwabta take komawa. Sannan zai daina zuba maganin ɓera, don in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Bayan wata ɗaya ki leƙa ko ki aika yaro.

Kar ki sa musu farashi. Akwai hadisin Jabir a Muslim da ya yi hani ga kuɗin mage, ko da yake malamai da yawa sun fassara hanin da karhanci. Ki fita daga saɓanin: ba sayarwa kike yi ba, amma wanda ya karɓa ya mayar da kuɗin allura da na fiɗiya in yana da hali, a yi wa ta gaba da shi. Wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa kuma ya fi kula da abin da ya ɗauka.

Waɗanda ba su samu gida ba kafin wa'adi fa? Mu Hausawa mun san riƙo. Yaro ma akan kai shi gidan gwaggo ya yi shekaru. Ki nemi gidaje biyar ko shida, abokan aikinki malamai, 'yan ajinku na Islamiyya, 'yan'uwa, kowa ya riƙe biyu zuwa lokacin da za a samu mai ɗauka. Wurin da ke cikin gidaje shida babu mai kangon da zai ba shi wa'adi. Akwai kuma waɗanda na tabbata kina da su, 'yan uku ko huɗu da ba su taɓa yarda an taɓa su ba, suna ganin mutum sai tsuke kunne da huci. Waɗannan ba na gida ba ne. A fiɗiye su, a yi musu allura, likita ya ɗan datse kan kunne ɗaya don a gane an yi, a mayar da su inda aka kamo su in akwai mai zuba musu abinci. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne lodin su a Keke Napep a kai hanyar Ningi ko ta Dass a juye a daji. Magen da ta saba da kwano ba ta kai sati nawa a can.

Maigidanki. Kin ba shi layi ɗaya a wasiƙa, shi kuwa ya ba ki shekara huɗu. Namijin da ya yi haƙuri da maguna 31 a jikin katangarsa ba maƙiyin aikinki ba ne, gajiya ya yi kamar yadda ya faɗa. Kar ki tare shi da kuka ko da hadisi. Ki zauna da shi bayan ya ci abinci, da takarda: ga adadinsu yau, ga inda nake so su koma nan da wata uku, ga abin da ba zan ƙara wucewa ba a albashina. Ki bar shi ya faɗi guda nawa zai iya zama da su a gida. In ya ce huɗu, huɗu ne. Ki kuma roƙe shi ya raka ki wurin mai kango ku yi godiya, ku nemi ko zai fara ginin ta gaba ya bar miki ɗakin baya na ƙarin wata ɗaya ko biyu. Mutumin da ya ba da aro shekara da shekaru ba ya rasa wannan, in an zo masa da ranar fita a baki.

Masu cewa mutane na kwana da yunwa, kar ki yi musu gardama a intanet, ba a gamawa. Amsarsu tana cikin hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa, inda Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Sai dai ki duba gidanki tsakaninki da Allah. In kuɗin makarantar yaranki ko cefanensu ya taɓa jira saboda kifin maguna, to a wannan gaɓar masu zagin sun fi ki gaskiya. Bashin mai kifi kuma shi ne farkon abin da za ki biya, kafin fiɗiya, kafin komai.

Raɗe-raɗin maita kuwa duhu ne ke ciyar da shi. Ki gayyaci matan maƙwabta biyu su shiga su gani da rana tsaka. Ki roƙi limamin unguwa ya taɓo zancen a karatu: a Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai labarin Abu Ƙatada da aka zuba wa ruwan alwala, mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar ta sha, ya ce Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya samo alkunyarsa. Amma fa hadisi ba ya kawar da wari, kuma maƙwabci yana da haƙƙi. A kwashe kashi kullum, a sauya yashi ko a sa dusar katako daga 'yan katako, a wanke ƙasa da Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a bari ya bushe kafin su shiga. Kar ki yi amfani da Izal ko Dettol, irin waɗannan guba ne ga mage, tana takawa ta lashe ƙafa. In kina da juna biyu, wani ya riƙa kwashe kashin.

Tunda muna maganar guba, bari in faɗa miki abin da har yau nake istigfari a kansa. Ina budurwa muna da wata fara mai baƙin tabo a goshi, ta yi kwana biyu ba ta ci. Na ɓare rabin farasitamol na daka na ɗura mata da cokali, ina ganin na yi taimako. Da yamma fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana numfashi da baki a buɗe a ƙarƙashin gadon kakata. Ba ta kai kwana biyu ba. Sai bayan shekaru na ji cewa hantar mage ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya ta isa. Haka maganin ƙuma na karnuka, da fiya-fiya, da albasa da tafarnuwa da ke cikin ragowar miyar da ake zuba musu. Duk wanda za ki ba mage ki gaya masa wannan kafin ya fita daga ƙofarki.

Kuɗi na bari a ƙarshe da gangan, don in kin yi na sama abin da za ki nema ya ragu. Zakka ba ta shiga nan, masu cinta takwas ne a Suratut Tauba, mage ba ta ciki, kar ki karɓa ko an miƙo. Sadaka da waƙafi kuwa ƙofarsu a buɗe take, masana tarihi ma sun ambaci lambun da Sarki Baibars na Masar ya yi waƙafinsa don ciyar da magunan Alƙahira tun ƙarni na 13. Ki fi neman kaya a kan kuɗi. Mahauci ya fi saurin ba ki huhu da guntattaki da ƙarshen kasuwa a kan ya ba ki dubu ɗaya, mai kifi yana zubar da kai da kayan ciki, masu figar kaji haka. A dafa, ba gishiri ba yaji, a cire ƙashin kaza. Tuwo zalla ba ya riƙe mage, halittarta ta nama ce. In kuɗi ya fara shigowa, kar ya bi ta asusun albashinki. Ku zama ku uku, ɗaya ta riƙe littafi, duk ƙarshen wata a nuna abin da ya shigo da inda ya tafi, har da hoton rasit. Ki daina cewa a taimaka wa maguna, ki ce ga wannan, ga kuɗin aikinta, wa zai ɗauka? Rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu tana da amfani wajen buɗe asusu da sunan ƙungiya, amma ba aikin wata ukun nan ba ce.

Ranar Asabar ki shiga Muda Lawal da hotunan guda biyar da suka fi lafiya a wayarki, ki fara da layin 'yan hatsi. Nan da wata ɗaya ki rubuto mini adadin da ya rage. Mai ido ɗayan nan ta kwalbati kuwa, in tana raye, kar ki sa ta a lissafin masu tafiya. Ita ce ta farko cikin huɗun da za ki roƙa wa maigida.